Kafin a Zargi Inji

Duk wanda ya saba zama a garejin kanikawa ya san wannan ƙorafi. Mutum zai shigo da 'yar motarsa, Starlet ko Golf ko Micra, ya fito yana huci ya ce, "Oga, motar nan ta yi nauyi. Ina taka ta ba ta tashi. Ko ɗan adaidaita sai ya bar ni a danja." Tun ba a ɗaga bonet ba ya riga ya yanke hukunci: inji ya gaji, ko kuwa dama can ƙarami ne. Tambayar da za ta biyo baya ita ce nawa ake sayar da injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa.

Bakaniken da kuɗi kawai ke gabansa zai ce masa gaskiyarsa ce, su kama hanyar kasuwa. Wanda ya san aikinsa kuma yake tsoron Allah zai ce, "Ranka ya daɗe, bari mu fara leƙa but." Amsar tana ba masu mota haushi, amma ita ce ta gaskiya, kuma a cikinta akwai abin lura da ya wuce zancen mota.

Mu fara da abin da aka ba motar tun daga kamfani. Tsohuwar Starlet, wadda Toyota ta daina ƙerawa a 1999, samfurinta na ƙarshe yana da inji mai lita 1.3 da ƙarfin doki kusan 75, nauyinta kuma bai kai tan ɗaya ba. Golf 3, wadda ta fito a 1991, akwai mai lita 1.4 mai doki 60, akwai mai lita 1.6 mai doki 75. Micra ta 1992 mai lita ɗaya kuwa dokinta bai wuce 55 ba. An ƙera su ne don tattalin mai da sauƙin gyara, shi ya sa irinsu suka cika tashoshinmu daga Kano har Yamai. Sai dai ƙarancin ƙarfin yana tafe da sharaɗi. Babbar mota mai doki 200 in ta rasa goma, direbanta ba zai ma ji ba. Mai doki 60 in ta rasa goma, kashi ɗaya cikin shida na abin da ta mallaka ne ya tafi. Ƙaramar mota ba ta da rarar da za ta rufa wa mai ita asiri. Duk sakacin da aka yi mata sai ya bayyana a ƙafar da ke taka totur.

Dalilin fara leƙa but ke nan. Ƙa'idar da Isaac Newton ya rubuta tun 1687 tana nan yadda take: muddin ƙarfin da ke tura abu bai ƙaru ba, gwargwadon nauyinsa gwargwadon nawarsa wajen tashi. Starlet da direbanta wajen kilo 950 ne. Ka ɗora mata fasinja huɗu masu kilo 70 kowanne, ka ƙara buhun masara mai kilo 100, nauyi ya koma kilo 1,330. Da wannan kaɗai fiye da rubu'in hanzarinta ya tafi, alhali ba abin da ya taɓa injin. Wannan ma lodin mai kunya ne. Ba a zancen Golf ɗin tasha da ake cusa wa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, but a wangale an ɗaure shi da igiya. Mai motar gida shi ma ya duba nasa: mataccen batir, jarkar ruwa, ragowar tayil, buhun siminti mai kilo 50 da aka manta tun bara. Kullum motar tana dakonsu, kullum kuma shi ke biyan kuɗin man dakon.

Daga but sai numfashi. Mafi yawan abin da injin fetur ke ci iska ce. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, wato lita ɗaya ta fetur sai da iska wajen lita 9,000. Duk wannan iskar ta cikin filta ɗaya take bi, 'yar takarda mai ninki-ninki a cikin akwatin roba. Mu kuwa ga hazon hunturu, wanda kaso mai yawa na ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, ga hanyoyin unguwa da ba kwalta. Wani gwaji da aka yi a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka a 2009 ya nuna cewa a motocin da kwamfuta ke auna musu mai, toshewar filta ba ta cika ƙara shan mai ba, hanzari take ragewa, kuma da aka canza ta tashin motocin ya gyaru da kashi 6 zuwa 11 cikin ɗari. Shi ya sa mai mota ba ya kawo ta a ransa: bai ga canji a gidan mai ba, motar ce kawai take ta yin nauyi a hankali har ya saba. Masu kafireta kuwa ta ko'ina suke asara, ga nauyi ga shan mai. Abin takaici shi ne maganin da wasu ke yi: a cire filtar gaba ɗaya, ko a hure ta da iskar mai faci har ta yage. Motar za ta ɗan saki jiki, ƙura kuma ta samu ƙofa ta shiga ta cinye ringi da silinda. Daga nan ne injin zai gaji da gaske.

Akwai kuma asarar da ba laifin kowa ba ce. Iska mai zafi ba ta da kaurin mai sanyi. A zafin digiri 40 na watan Afrilu, nauyin iskar da inji ke shaƙa ya ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari in aka gwada da digiri 20. Tudu ma haka yake: duk hawan mita 300, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa. Jos ta haura mita 1,200, don haka motar da ta baro Legas da kuzarinta, kafin ta shiga Jos ta bar sama da kashi 10 a hanya. Wanda ya ji motarsa ta yi sanyin jiki a Hawan Kibo da rana tsaka, ga lodi, ga na'urar sanyi a kunne tana zuƙar nata kason, kada ya ce ta lalace. Ya kashe na'urar har ya gama hawa.

Sai wuta da mai. Injin nan silinda huɗu ne. In ɗaya ba ta kama wuta saboda fulogi ya ci, ko wayarsa ta tsage, ko kwayil ya yi rauni, rubu'in ƙarfi ya tafi nan take, motar ta riƙa fizga tana karkarwa. Filtar mai da famfon mai su kuma suna da tasu alamar: a cikin gari lafiya lau, amma da an hau babban titi an buƙaci ƙarfi sai ta shaƙe. Man bumburutu da aka juye daga jarka zuwa jarka, da ɗabi'ar yawo kullum a rizab, su ne ke gaggauta kashe su. Ba a manta da abin da gurɓataccen fetur mai yawan metanol ya yi wa motoci a Najeriya a Fabrairun 2022 ba.

Mafitar hayaƙi ma tana toshewa. Abin nan da ke cikin salansa wanda kanikawa ke kira indomi, in ya narke ko ya cushe, motar za ta tashi lafiya amma ta ƙi gudu. Sai dai a tabbatar kafin a yarda a fasa a cire shi, domin yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma yana da kasuwa. A kuma tambayi abin da ya toshe shi, don ba ya toshewa haka kawai. Sau da yawa fulogin da aka ƙi canzawa ne ya riƙa tura masa ɗanyen mai, ko kuma an cire tamostat da sunan wai ƙasarmu zafi gare ta. In babu shi injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa na wajen digiri 90 ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai fiye da kima kamar sanyin safiya bai wuce ba. Ita kuwa fitilar gargaɗin da ya kamata ta tona duk wannan, an daɗe da liƙe ta da sitika.

Wani lokaci injin ya yi nasa, a hanya ake tsare ƙarfin kafin ya isa ƙasa. Birki yana iya riƙewa ba a sani ba. In bayan 'yar tafiya ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi, ko motar ta ƙi gangarawa da kanta a ɗan gangare alhali tana firi, to a duba birki da wayar hambirki. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya, kuma adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki, ba a bakin mai faci ba. Masu son ado da ke cire wili mai inci 13 ko 14 su sa manya masu faɗi su sani cewa sun ƙara nauyi a wurin da ya fi ko'ina wahalar juyawa, kuma in da'irar tayar ta ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, ƙarfin da ke tura motar ya ragu da kwatankwacin haka, maleji kuma ya fara yi musu ƙarya. Kuloci kuwa gwajinsa ba wuya: a hanyar da ba kowa, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka taka totur sosai. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ci. Abin da ke cinye shi sananne ne: ɗora ƙafa a kansa ana tafiya, da riƙe mota da shi a kan tudu maimakon birki.

In duk waɗannan sun fita lafiya, saura abu ɗaya da ba a bincika ba, wato wanda ke zaune a bayan sitiyari. A nan maganar ta fi ɗaci, domin da yawa daga ƙananan motocin da ake cewa ba sa tashi, hana su tashi ake yi.

Ƙaramin injin fetur sai ya yi juyi yake ba da ƙarfi. Da yawansu sai allura ta kai tsakanin juyi 3,000 da 4,500 a minti suke kaiwa ƙarshen ƙarfin murɗawarsu, cikakken dokin kuwa sai an haura 5,000. Doki 75 ɗin da aka rubuta wa Starlet can sama yake. A juyi 1,500 ko sulusinsa ba ka da shi. To amma yawancinmu an koya mana tuƙi a kan cewa ƙarar inji wahalar da mota ce. Ga kuma tsadar mai tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, wadda ta sa kowa ke rige-rigen shiga giya ta biyar tun yana gudun kilomita 40. Da an zo hawa sai direba ya danne totur har ƙasa a giyar da yake. Injin ya riƙa rawa yana ƙwanƙwasa, motar ba ta ƙara gudu ba, man da ake tattali yana tafiya, ƙarafan cikin inji suna shan duka.

Ga abin da akwatin giya ke yi. A irin waɗannan motoci giya ta ɗaya tana ninka ƙarfin inji kusan sau 3.5, ta biyu kusan 1.9, ta uku 1.3, ta huɗu kusan 1, ta biyar 0.8. Wato ta biyar rage ƙarfin take yi, don a samu sauƙin mai da shiru a doguwar hanya shimfiɗaɗɗiya. Wanda ya sauko daga ta biyar zuwa ta uku ya ƙara ƙarfin da ke isa taya da kusan kashi 60 cikin ɗari, sannan ya kai injin wurin da yake da kuzari. Kuma bai biya ko sisi ba. Muddin inji ya ɗumama, baƙin mansa mai kyau ne, allura kuma ba ta shiga jan layi ba, juyi 4,000 na 'yan daƙiƙu ba ya cutar da shi, don haka aka ƙera shi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Wannan ba zancen gasar gudu ba ne, zancen rai ne. Ɗauki direban da ke son wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya. Tsawon tirelar da tazarar da zai bari baya da gaba sun kai mita 60. In tirelar tana gudun kilomita 60 shi yana 80, zai kwashe daƙiƙa 11 a hannun da ba nasa ba, ya ci mita 240, mai tahowa da irin gudunsa shi ma ya ci haka. Kusan rabin kilomita ke nan na hanyar da dole ta zama babu kowa. Wannan in ya riga ya kai 80 ɗin ne. Wanda ya leƙo yana giya ta biyar yana jiran mota ta tattaro ƙarfi a gefen tirela, lissafinsa ya fi haka muni. Gogaggen direba tun yana bayan tirela yake saukowa giya, ya bar tazara, ya ɗauko gudu a hannunsa kafin ya fita. In bai ga hanya ba ya haƙura.

Kayan ƙarin ƙarfi da ake tallatawa kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Salansa mai rugugi, filta mai kala da ke zaune tsirara tana shaƙar zafin inji, ruwan kwalba da ake zubawa a tanki, maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai: a ƙaramin inji marar turbo abin da suke ƙarawa, in ma akwai, bai kai a ji shi ba. Kunne ne ke jin ƙara ya shaida wa zuciya cewa gudu ya ƙaru.

Ba ana cewa inji ba ya gajiya ba ne. Motar da ta shekara ashirin da biyar tana aiki tana da haƙƙin tsufa. Amma wannan auna shi ake yi. Bakanike ya cire fulogi ya ɗaura agogon kwamfireshan a kowace silinda, a duba ko tana shan baƙin mai, ko tana fitar da shuɗin hayaƙi. In awo ya nuna ta gaji, sai a yi maganar ringi ko sabon inji da hujja. Wannan shi ne matakin ƙarshe, bayan an bi masu arha ɗaya bayan ɗaya.

To me ya sa mai mota ke tsallake duk matakan nan ya dira a kan mafi tsada? Abin lura ke nan. Domin inji ba laifinsa ba ne. In aka ce inji, laifi ya tafi wurin kamfanin da ya ƙera, ko dillalin da ya sayar, ko shekaru. In aka ce filta da taya da lodi da giya, yatsa ya juyo kansa. Ɗan Adam ya gwammace ya kashe dubban ɗaruruwa a wanke shi, da ya kashe 'yan dubbai a nuna masa sakacinsa.

Haka muke yi a wajen gareji ma. Mai shagon da kasuwa ta tsaya masa, kalmar farko a bakinsa ita ce jari ya yi kaɗan, sai ya bazama neman rance. Bai zauna ya lissafa bashin da ya bayar ba rubutu ba, da kuɗin cefanen da yake zara daga aljihun tebur kullum, da kayan da suka shekara a kanta ba mai tambaya. In ya samu rancen, ta ramukan da na farko ya bi shi ma zai bi. An sa sabon inji ne a motar da birkinta ke riƙewa, kuma ba da daɗewa ba za a sake dawowa da ƙorafin jiya, ga bashi ya ƙaru a kai.

Sai kuma girman kan ƙin saukowa giya. Magidanci ya ga hawa a gabansa, samu ya ragu, farashi ya tashi, amma ya rantse ba zai rage komai ba kada a ce ya sauko. Gidan haya na da, bikin suna irin na da, ɗinkin Sallah irin na da, lefe irin na gidan wane. Yana danne totur a giya ta biyar, bashi ne ke ƙwanƙwasa a ciki. Wanda ya sauko da wuri, ya koma ƙaramin gida, ya taƙaita biki, ya rage shagon zuwa kayan da ke tafiya, za a ji ƙararsa, za a yi maganarsa a majalisa, amma shi ne zai kai saman tudun. Lokacin saukowar ma yana da muhimmanci. Direba tun daga gindin hawa yake canza giya, yana da sauran gudu. Wanda ya bari sai mota ta kusa tsayawa a tsakiyar tudu, ta uku ba za ta ishe shi ba, sai ya koma ta ɗaya, wani lokaci ma sai an sa masa dutse a bayan taya.

Kada a ɗauki wannan a matsayin ɗora wa talaka laifin talaucinsa. Akwai zafin rana da tudun da ba shi ya kawo su ba, akwai albashin da ko an yi masa tattalin duniya ba zai kai ƙarshen wata ba, kamar yadda akwai injin da ya gaji da gaske. Masu riƙe da al'amuran jama'a suna da nasu alhakin, kuma neman haƙƙi a wurinsu daidai ne. Abin da ake faɗa shi ne, mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi kowa buƙatar sanin ina ƙarfinsa ke zurarewa, domin shi ne ba shi da rara. Mai doki 200 yana iya yin sakaci ya kwana lafiya. Mai doki 60 kowane doki ɗaya da lissafinsa. Kuma ko an gyara komai, Starlet ba za ta zama Land Cruiser ba. Za dai ta dawo Starlet mai lafiya, wadda ke kai mai ita inda za shi da mai kaɗan, kuma wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Don haka, ɗan'uwa mai karatu, in abinka ya ƙi tashi, mota ce ko sana'a ko gida, ka fara da abin da ya fi arha kuma ya fi kusa da hannunka. Ka sauke kayan da bai kamata ka ɗauka ba, ka buɗe inda ya toshe, ka saki abin da ke riƙewa, ka sauko giya tun hawa bai kama ka ba. In ka yi duk wannan ƙarfi bai isa ba, to ka nemi ƙari kanka a ɗage, domin a lokacin ka san abin da kake nema da kuma inda za ka sa shi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu.